Kukan Sule a Kan Dutse

A Sabuwa ta da, ba a karɓar kuɗi sai an saurare su. Manomi ya kai audugarsa fuloti, an duba, an ɗora a sikeli, akawu ya rubuta, sai a zube masa sulalla a tabarma. Ba zai kwashe nan take ba. Durƙusawa zai yi, ya riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya yana saki a kan dutse, kai a karkace, duk wanda kukansa bai kwanta masa ba ya ture shi gefe a canza masa. Masu jira a baya ba sa ƙorafi, don kowa haka zai yi idan aka zo kansa. Ni wutsiyar wannan zamani na tarar, lokacin da kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959 ke yawo, na Turawa kuma suna ta janyewa. Amma na tarar da mutumin da ya rayu a tsakiyarsa, kakana na wajen uwa, kuma a hannunsa na ɗauko son tsofaffin kuɗi da har yau bai sake ni ba.

Sana'arsa ƙirga. Shi ba attajiri ba, ba kuma ma'aikacin En'e ba. Idan kaka ta yi, kasuwar auduga ta buɗe, masu saye kan ɗauke shi ya zauna musu a bakin jaka. Audugar yankinmu, ta Sabuwa da Dandume da Faskari, Funtuwa take nufa, inda injin gurza na Bisije yake, inda kuma jirgin ƙasa ya iso tun ƙarshen shekarun 1920. Auduga ta tafi, kuɗi su zo, kuma a ƙarfe suke zuwa, domin manomin wancan lokaci bai amince da takarda ba. Gara na cin ta, gobara na lashe ta, damina na jiƙa ta a cikin rufin ɗaki. Sule kuwa ko shekara goma ya yi a tukunya a ƙarƙashin gado, sule ne. Jaka guda fam 100 ce, wato sule 2,000, nauyinta ya haura kilo 11. Anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam, a tsakani ga ɗari, ga ahu, ga taro, ga sisi, ga nai, ga fataka. Yaron da ake aika kasuwa duk ya haddace wannan lissafi tun kafin ya san hanyar makarantar boko.

Har ya tsufa 'yan kasuwa na kiransa idan kuɗi sun yi yawa, a nan na ga yadda yake aiki. Yakan juye jakar a kan buzu, ya riƙa ja biyar-biyar, sulallan na gangarawa daga wannan hannu zuwa wancan suna gogar juna, leɓensa na motsi. Can sai ya tsaya cak, ya koma baya, ya tsamo guda daga cikin waɗanda suka riga suka wuce. Bai gan shi ba, jin sa ya yi. An ce gani ya kori ji, amma a bakin jakar kuɗi kunne ke fara kamawa, ido daga baya yake zuwa ya ba da shaida.

Sule iri uku ya sani a zamanin Turawa, kuma da su yake auna shekarunsa. Na farko shi ne farin sule, na azurfa, wanda hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a Landan a 1912 ta fara bugawa a 1913, domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Gefe guda kan Sarki Joji na 5 da hular sarauta, ɗaya gefen itacen kwakwa. Azurfa ce kusan zalla, kashi 925 cikin 1,000. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka daina gaba ɗaya, aka kawo sulen gaci mai ɗorawa-ɗorawa. Kaka ya ce mutane sun ji ciwon wannan canji. Farin sule ya shige tukwane, wanda bai shige ba ya tafi maƙera ya koma zobe da munduwa. Na gaci ya mamaye kasuwa, kuma da shi ne jabu ya samu ƙofa a buɗe, domin gaci ba ya wuyar samu, ba ya wuyar narkarwa. A shekarun 1920 da 1930 kotunan Turawa sun sha shari'ar masu zubin kuɗi. Ƙasar Ijabu ce ta fi yin suna, amma Kaka ba ya yarda a jibga wa na nesa dukkan laifin. Yakan ce duk garin da ke da maƙerin farfaru mai matacciyar zuciya, to, yana da nasa gidan buga kuɗi. Na uku ya zo a 1938, zamanin Joji na 6. Aka sake haɗin ƙarfen, aka kuma yi wa bakin sule da na fataka wata siririyar tsaga da ta zagaye shi, a cikinta ga wasu 'yan ƙwayoyi jere. Saboda masu jabu aka yi ta.

Asirin duka a wuri ɗaya yake. Kuɗin gwamnati bugawa ake yi: inji ne ke danne ƙarfe mai sanyi da ƙarfin gaske, har rubutu ya fito da kaifi, fili ya kwanta sumul, ƙarfen ya cure. Jabun wancan lokaci kuwa zubi ne. An danna sule na gaske a yumɓu an ɗauki siffarsa, an narka dalma da kuza ko gaci an tsiyaya. Narkakken ƙarfe ba ya shiga kowane lungu, shi ya sa haruffa ke fitowa da kumburi, ganyen kwakwa ya manne da juna. Iska na maƙalewa a ciki, ta bar ƙananan ramuka a fuska irin na sinasir. Inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu, zare na fitowa a baki, mai shi ya bi da magagari ya goge, shi kuma magagarin ya bar tasa shaidar. Ƙarfe na tsukewa idan ya huce, don haka jabu kan ɗan gaza na gaske faɗi. Na dalma kuma yana da santsi a yatsa, yana zana baƙin layi a jikin takarda, haƙori na shigarsa.

Duk wannan a zaure na koye shi, bayan la'asar. Yana da wani ɓallin dutsen niƙa da ya yi sulɓi, yana da batta biyu, ɗaya ta na gaske, ɗaya ta jabu.

"Abokina, rufe idonka," in ji shi. "Kada ka leƙa, ina ganinka."

Sai ya saki guda. Farin sule kukansa siriri ne, dogo, yana jan wutsiya har bayan ya daina rawa a kan dutsen. Na gaci ya fi gajarta, amma a buɗe yake. Na dalma faɗuwa kawai yake yi tif, shi ke nan.

"Kaka, wannan jabu ne."

"Buɗe idonka ka faɗa mini dalili. Ba na karɓar hukunci ba dalili."

Wannan kalma tasa ita ce rabin karatun. Sai na juya bakin, na nemo zaren, na kai shi ƙofar zaure inda haske ke kwantowa a karkace na nemo ramukan, na ɗora shi a kan na gaske na ga ko ya gaza. Idan na kawo dalili biyu, sai ya ce in nemo na uku. Ladana taro ne, wani lokaci rake.

Dalilin da ya sa yake tsananta wannan shi ne akwai abin da yake kira beben sule. Na gwamnati ne, ba shakka, amma ya samu tsaguwa a ciki, ko tun daga wajen bugu ko wuta ta taɓa shi, sai kukansa ya mutu. Wanda ya dogara da kunne kaɗai zai ce jabu ne. A wancan zamani kuwa wannan kalma ba wasa ba ce. Sule ɗaya ya fi ladan yinin lebura, in ji shi, kuma wanda aka kama da kuɗin jabu ana iya miƙa shi ga 'yan doka, daga nan sai gaban alƙali, wataƙila gidan yari, alhali shi ma bawan Allah cutarsa aka yi a wata kasuwa. Shi ya sa Kaka ba ya ɗaga murya a kan sule. Yakan jawo mutum gefe, ya nuna masa abin da ya gani, ya tambaye shi inda ya samo. Idan ya tabbata jabu ne, ba ya mayar wa mai shi, don ya san gobe zai faɗa hannun wata mai ƙosai da ba ta gani sosai. Yakan sa ƙusa ya huda shi, ya jefa a batta. Kakata ta faɗa mini, bayan rasuwarsa, cewa sau da yawa idan mai kuɗin tsohuwa ce, ko wanda haraji ya sha wa kai, daga lalitarsa yake ciro na gaske ya maye gurbin, ya kuma hana a faɗa. Battar jabun nan, ashe, da guminsa ya saye ta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kuɗin 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, su ne na yarintata, kuma har yanzu ina ganin ba a sake yin tsabar da ta kai su ma'ana ba. Sisi na ɗauke da koko, sule da ganyen kwakwa, fataka da gyaɗa. Taro kuwa, ɗan rawaya mai kusurwa 12, auduga ce a bayansa. Kaka kan riƙe shi ya ce, "Ka ga namu. Sun san da mu." Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta shigo, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya koma kwabo 10, sisi kwabo 5. Auduga ta koma bayan rabin kwabo, gyaɗa ta hau kwabo 25. Da aka rufe karɓar tsofaffin, sai suka zama abin wasan yara. Ana tsintar su a bola, a kasko, a ƙasan adudu. Masu rufin kwano suka riƙa sa kwabo mai huji a ƙarƙashin kan ƙusa. Ni kuwa gida-gida nake bi, wajen gwaggonni da innoni, ina roƙon wanda ba sa so. Da Kaka ya rasu, battocin nan biyu da ɓallin dutse ba wanda ya kula da su cikin kayan gado, aka ce a ba abokinsa.

Masu hujin nan su ne na fi ƙauna. Babu hoton kowa a jikinsu, sai hular sarauta a saman hujin, da darajar kuɗin da rubutun boko da na Larabci, a baya kuma tauraro mai tsini 6 da shekara. Tun 1907 aka fara su. Aninin farko na sanholo ne, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma ƙasarmu ba ta karɓe shi ba, ya riƙa zagwanyewa, a 1908 aka koma farin ƙarfe mai ƙarko. A zare ake jera su. Tsofaffi kan ɗaura kwabo a kan cibiyar jariri idan ta turo. Sai da na girma, na fara zuwa wajen masu kayan da a Kasuwar Kurmi a Kano, na kuma samu littattafan masana, sannan na gane cewa kowane ɗayansu yana da ƙa'idar da ba ta saɓawa. A cikin na zamanin Turawa, sunan Nijeriya yana jikin na 1907 zuwa 1911 ne kawai, daga 1912 sai sunan Afirka ta Yamma. Laƙabin sarkin Indiya da ke bin sunan Joji na 6 ya faɗi bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947, ba za ka gan shi a na 1951 ba. Farare ne har 1951, daga 1952 suka koma jajaye. Ɗan ƙaramin harafin H ko KN da ke ɓoye a jikin wasu yana nuna masana'antar Bamingam da ta buga su. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe makami, don mai jabu yana iya kwaikwayon siffa, amma da wuya ya san tarihi.

Sai liyari, sarkin kuɗin adon matanmu da na Fulani. Babban farin kuɗi ne mai nauyin giram 28, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, da hoton Mariya Tareza ta Ostiriya. Ta hamada ya shigo mana tun kafin Turawan mulki. Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, da ya ratsa Katsina da Kano a 1851 ya tarar ana canza shi a kan wuri 2,500. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma masu cuta ke cin abinci da shi, shi ne shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nufin a shekarar aka buga shi. Shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu suka ƙi karɓar wani iri sai shi, sai aka ci gaba da bugawa da wannan shekara ba canji. A shekarun 1930 da 1940 Rum da Landan da Faris da Bombay duk sun buga shi, Viyana kuma har gobe tana bugawa. An fitar da sama da miliyan 300. Saboda haka liyarin da ke wuyan kakarka na gaske ne, amma wataƙila bai girme ta ba. Shaidarsa mafi ƙarfi tana baki: rubutu ne da ado masu tudu suka zagaye shi, waɗanda zubi ba ya iya fitarwa da tsabta. Daga nan a duba 'yan duwatsun da ke jikin maɓallin kafaɗarta, su fito ɗai-ɗai, da haruffa biyu, S da F, a ƙarƙashin hoton.

Akwai masu tara kuɗi da ke raina liyarin da aka yi wa kunne ko aka huda don a rataya, su ce an ɓata shi. Ni ban yarda ba. Wannan kunne shi ke nuna ya yi rayuwa a cikinmu, ya je biki, ya shiga lefe, an jinginar da shi a shekarar yunwa an fanso shi. Ha'incin shi ne a cire kunnen, a toshe hujin, a goge wurin, a sayar da shi a matsayin wanda ba a taɓa ba. Irin wannan ana kama shi a saman kan sarauniyar, inda launin ƙarfen ya saɓa, rubutun baki kuma ya yanke.

A nan ne jabun da da na yanzu suka rabu. Na da an yi shi ne don ya ɓace a cikin 'yan'uwansa, ya sayi mudun dawa ya wuce. Na yanzu an yi shi ne don ya fita daban, a ce ba irinsa. Mai zubin da hannun mai sayarwa yake nema, na yanzu kwaɗayin mai saye yake nema, kuma kullum da labari yake tafe. Mafi yawan labaran a kan kwabon 1936 suke. Sarki Edwad na 8 ya hau gadon Ingila a Janairun shekarar, ya sauka a Disamba, ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa a Ingila ba, amma an buga sunansa a masu huji na Afirka ta Yamma da ta Gabas da Fiji da Niyu Gini. Labari mai daɗi, kuma gaskiya ne. Sai dai miliyoyi aka buga, ko'ina akwai su, farashinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ce maka zai yi maka kuɗin mota, ko dai bai sani ba ko yana da wata manufa.

Akwai kuma waɗanda da gaske ba su da yawa, su ne ake yi wa aikin hannu. A 1956 an yi kuskure a Bamingam, aka fitar da wasu kwabbai da sunan Joji na 6, alhali ya rasu tun 1952, Sarauniya Elizabet ke kan gado. Masana na neman wannan kwabo. An taɓa nuna mini guda a wani tebur, jan kwabo, sunan Joji, 1956 ɓaro-ɓaro. Ƙarfen na gaske ne, nauyin daidai, kukan ma daidai, don kuwa kwabon gwamnati ne. Da na sa madubin ƙara girma sai na ga filin da ke kewaye da lambar ƙarshe ya ɗan lotsa, da wasu siraran ƙarce da suka bi hanya ɗaya. Na ciro kwabon Sarauniya na 1956 daga aljihu na jera su. Shidan nata a zaune yake daram, na wancan ya ɗan karkace, cikinsa ya tsuke. Kwabon 1952 ne, mai yawa kamar ƙasa, wani ya zauna da allura da haƙuri ya mai da 2 ta zama 6. Dattijon mai tebur ya daɗe yana kallo ta madubin, sannan ya ce shi ma da tsada ya saya. Na yarda da shi. A irin wannan aiki kunnen Kaka ba zai taimaka ba, amma ƙa'idarsa ta jera abin zargi kusa da na gaske a nemi dalili uku, ita ce ta yi aiki.

Kayan aikina yanzu ba su da yawa: madubi, ɗan sikelin masu zinari, da mayen ƙarfe. Sulen zamanin Turawa giram 5.65 ne, fataka ninkinsa. Babu kuɗin zamanin Turawa ko na 1959 da mayen ƙarfe ke kamawa, liyari ma haka, don haka duk wanda ya manne to baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga. Amma kada a yi wa na 1991 zuwa sama wannan hukunci, su dama da baƙin ƙarfe aka yi su. Tsufa ma ana yin jabunsa: a binne sabon bugu a taki, a jiƙa shi da kanwa, a turara shi da hayaƙi. Tsufan gaske yana da tsari. Hannu tudu yake ci, hular sarki da kunci da kunne su fara gogewa, kwari ya riƙe duhunsa. Wanda ya goge ko'ina bai ɗaya, ko dattinsa ke fita da farce, jiya aka tsufar da shi. Ina kuma roƙon duk mai tsohon kuɗi a gida, don Allah kada a dirje shi da toka ko lemun tsami. Wannan duhun da ake son cirewa shi ne shaidar shekarunsa, idan ya tafi ba ya dawowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin jar zaiba. Ana raɗa wa mutane cewa akwai wani sinadari a cikin tsohon kwabo, ko tsohon dutsen guga, ko keken ɗinki, wanda wasu ke saye da miliyoyi. A 2009 wannan jita-jita ta sa aka yi ta rububin tsofaffin kekunan Singer a Saudiyya. Babu wani abu mai wannan suna a cikin kwabo, tagulla ce da 'yan'uwanta, kuma an rubuta adadin kowanne tun ranar da aka buga. Amma labarin ya samu wurin zama a yankinmu, saboda halin da muka shiga. Shekarun nan na 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun hana noma a gonakin nesa. A Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13, ciki da Sabuwa da Faskari da Dandume da Ƙanƙara. Hanyoyin da Kaka ke bi da jakunkunan sulalla a kan jaki, ba ɗan rakiya sai sanda, yau da rana tsaka ma sai da addu'a. Mutumin da ya baro rumbunsa ya gudo da abin da hannu ya iya ɗauka, idan aka ce masa ƙullin tsummar kakarsa arziki ne, ba wauta ce ke sa ya saurara ba. Matsuwa ce.

Irin wannan ƙulli ɗan ƙanwata ya kawo mini, na kakarsa ta wajen uba, da suka taso daga wajen Damari. Wani ya ce masa akwai mai saye a Legas, amma sai ya fara biyan kuɗin gwaji, har ya soma neman bashi.

"Kawu, don Allah duba mini kafin in kai."

Muka shimfiɗa farin ƙyalle muka kwance. Zare guda na kwabbai da aninai, har da na 1936 guda biyu. Farin sule biyu, na 1913 da na 1916. Liyari mai kunne. Da wani sule mai ɗorawa-ɗorawa da ya yi duhu. Ban faɗa masa komai ba, na miƙa masa madubin da mayen ƙarfen, na sa shi ya auna kowanne da hannunsa ya rubuta. Na buɗe masa littafi ya ga adadin kwabon 1936 da aka buga da idonsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato dai babu komai."

Na ce akwai. Fararen sulallan nan da liyarin azurfa ce ta gaske, kowane maƙerin farfaru zai saya a kan nauyi, mai tarawa zai ɗara haka. Ba za su gina gida ba, amma ba kuma za a karɓi ko kwabo a hannunsa da sunan gwaji ba. Ya juya liyarin ya ce wannan kam na mahaifiyarsa ne, ba na sayarwa ba, sulallan ma zai riƙe tukuna.

Mai duhun ne ya rage. Na ce ya duba bakinsa. Ya daɗe yana juyawa, sannan ya ce tsagar ba ta miƙe ba, kuma babu ƙwayoyi a ciki. Na ce saura dalili biyu. Ya nemo ramukan a fuskar sarki, ya ɗora shi a sikeli ya ga ya gaza. Zubin gaci ne, kwaikwayon na 1938, an yanka masa tsaga da magagari. Wani ya cuci tsohuwar da shi a wata kasuwa shekaru aru-aru da suka wuce, ita kuma ta gane, ta ƙi miƙa wa wani, ta ƙulle shi tare da dukiyarta.

Shi na roƙe shi ya sayar mini.

"Kawu, wannan ai ba kuɗi ba ne."

Na ce na sani. Na biya shi farashin na azurfa, na rubuta a 'yar takarda irin ƙarfen da nauyin da inda ya fito, na sa sunan tsohuwar a ƙasa.